Me Ya Hana Najeriya Sauke Baƙin Kofin Afirka?

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na zauna a wani gidan kallo a nan Talata Mafara. An tafi hutun rabin lokaci, mai gidan ya fita duba man janareta, sai gardama ta kaure a bencin baya. Maganar dai ita ce wadda ake ta nanatawa tun ranar 27 ga Satumban 2023, ranar da hukumar CAF ta zauna a Alƙahira ta ba Maroko gasar cin kofin Afirka ta 2025, ta ba Kenya da Yuganda da Tanzaniya ta 2027, Najeriya da Benin da suka haɗa kai wajen nema suka dawo hannu rabbana. Ɗan wani abokina ya juyo ya ce da ni: "Baba, don Allah mi ya rage muna? Ga filin Abuja mai cin mutum dubu sittin, ga na Uyo, ga na Kano, ga na Kaduna. Ƙiyayya ce kawai. Da za a gyara filin Sardauna na Gusau, ko mu nan sai an kawo muna rukuni guda." Duk bencin ya ɗauka da "ƙwarai kuwa".

Ban ba shi amsa a wurin ba, domin an dawo wasa, kuma ba a yi wa mai kallon ƙwallo wa'azi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ba yara kaɗai ke yin wannan lissafi ba. Masu riƙe da ofis ma haka suke yi. Da zarar an tayar da zancen ɗaukar nauyin gasa sai ka ji ana ƙirga kujeru da tsawon katanga, kamar wanda aka tambaya ko zai iya sauke 'yan biki ya ce ai zaurensa na da faɗi. Ina ruwan sha, ina tuwo, ina makewayi, wa zai tarbo su a tasha? Shiru.

Mu fara da batun ƙiyayyar. Ba na musun akwai siyasa a CAF, duk inda ake kaɗa ƙuri'a akwai ta. Sai dai tarihi bai goyi bayan masu cewa an tsane mu ba. A 1980 Najeriya ta sauke baƙin kofin Afirka a Legas da Ibadan, ta ci Aljeriya 3-0 a wasan ƙarshe, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofi da hannunsa. A watan Afrilun 1999 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a birane takwas, uku daga ciki a Arewa: Kano, Kaduna da Bauci. A Kano Najeriya ta fitar da Ireland da bugun fenareti, a Kaduna kuma Sifen, da Xavi da Casillas suna samari, ta doke Mali ta kai wasan ƙarshe. A 2000 rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso ya zauna a Kano, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A 2009 FIFA ta sake dawowa da gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Akwai mutanen Mafara da Bakura da suka shiga mota suka je Kano kallo a waɗannan shekaru, suna nan da ransu, a tambaye su.

Ita kanta gasar ta 2000 ba tamu ba ce tun farko. Zimbabwe aka ba, da CAF ta ga shirinta bai kankama ba ta ƙwace ta raba wa Ghana da Najeriya. Ranar nan babu wanda ya ce an yi wa Zimbabwe ƙiyayya, murna muka yi. Haka aka ƙwace ta 1996 daga Kenya, ta 2019 daga Kamaru, ta 2025 daga Gini. Mu ma an taɓa ƙwace mana har sau biyu, gasar matasa ta duniya ta 1991 saboda saɓanin shekarun haihuwar wasu 'yan wasanmu a takardu, da ta 1995 wadda FIFA ta mayar Ƙatar tana kafa hujja da ɓarkewar sanƙarau da kwalara. A lura da kyau, a waɗannan biyun babu inda aka ce filinmu ya yi kaɗan.

Abu na biyu, gasar ta girma ta bar mu a inda ta same mu. A 1980 ƙasashe takwas ne, filaye biyu sun isa. A 2000 sha shida ne, filaye huɗu. Tun 2019 ƙasashe 24 ake tarawa. Rukuni shida, kowane rukuni wasa shida, 36 ke nan. A ƙara takwas na zagayen 'yan sha shida, huɗu na kwata fainal, biyu na kusa da ƙarshe, ɗaya na neman na uku, ɗaya na ƙarshe: wasa 52 cikin wata guda. CAF na neman aƙalla filaye shida, biyu masu cin mutum 40,000, biyu 20,000, biyu 15,000, ban da filayen atisaye da kowace tawaga ke buƙata kullum. Kwaddibuwa ta yi tata da filaye shida a birane biyar. Maroko ta tanadi tara.

Wani zai ce me ya hana a jera wasannin a fili biyu ko uku masu kyau, safe da yamma? Amsa ta farko, duk wanda ya taɓa shirya gasar unguwa ya san ta. Lokacin hutun makaranta yaran unguwarmu kan haɗa tasu gasar cin kofin duniya a filin wata firamare. Wannan lungu su ne Birazil, wancan Ajantina, 'yan bakin kasuwa Kamaru. Kowa ya kawo kuɗin rajista, a sayi ƙwallo da usur, a zana layi da toka. Shekarar da suka roƙe ni in riƙe musu takardar maki, komai ya tafi daidai har ranar ƙarshe ta rukuni. Fili ɗaya ne, don haka wasa ɗaya ya riga ɗaya. Waɗanda suka shiga daga baya sun riga sun san kunnen doki zai wuce da su duka biyun, sai suka yi ta gara ƙwallo a tsakiya kamar masu jiran a kira sallah. Yaran da aka fitar suna zaune a kan katanga, ɗaya daga cikinsu yana kuka da rigarsa a baki. Da ƙyar muka hana dambe.

Abin da ya faru da waɗannan yara shi ya faru da Aljeriya a gasar duniya ta 1982 a Sifen. Ta buga wasanta na ƙarshe, washegari Jamus ta Yamma da Ostiriya suka shiga fili a garin Gijon sun san in Jamus ta ci ɗaya su biyun sun wuce. Aka ci ɗayan da wuri, aka shafe sauran lokacin ana wasa da hankalin jama'a. Daga nan aka kafa doka cewa wasanni biyun ƙarshe na kowane rukuni a take su lokaci guda. To lokaci guda na nufin fili biyu, alƙalai kashi biyu, motocin ɗaukar hoto biyu, jami'an tsaro biyu, motar asibiti a nan da can, kuma wata tawaga ta tashi daga garin da take ta koma wani gari cikin kwana ɗaya ko biyu. Doka ɗaya tak ta gaskiya da adalci, dubi abin da ta jawo na hidima.

Amsa ta biyu ita ce ciyawa, kuma a nan nake so mu daɗe, domin nan ne muke faɗuwa.

Mutanenmu na ɗaukar filin wasa kamar gini ne, a zuba siminti, a yi fenti, gwamna ya yanke ƙyalle, shi ke nan an gama. Alhali abin da ake buga ƙwallo a kansa shuka ce mai rai. Gona ce, faɗinta mita 68, tsawonta mita 105, wato ta kusa kashi uku cikin huɗu na hekta. Ƙarƙashin koren nan da muke gani a talabijin akwai yashi da aka tace, ƙarƙashinsa tsakuwa, ƙarƙashinta bututun da ke janye ruwa, ga kuma wasu bututun na feshi. Ana aske ciyawar ta tsaya kamar tsawon gaɓar yatsa, kuma ba sau ɗaya a mako ba. Tana son taki a kan lokaci, tana kamuwa da cuta, ƙwari na cin saiwarta. In ruwa ya yi yawa ta ruɓe, in ya yi kaɗan ta ƙone.

Mu yi lissafin ruwan. A ce a yinin rani ana ba ta abin da zai kai kaurin milimita biyar kacal. A faɗin wannan fili, lita dubu 35 da ɗoriya ke nan, jarka mai lita 25 sama da 1,400, kullum ta Allah. A zafin bazara irin namu, lokacin da ko randa ba ta riƙe sanyi, za ta nemi fiye da haka. Ranar da injin ban ruwa ya lalace aka ce a jira takarda ta fito daga ma'aikata, kafin a sa hannu gonar ta tafi.

Manomin shinkafa a Bakalori ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ya san wurin renon iri ba ya jiran albashi ya shigo. Ya san in ruwa ya makara mako guda a kanal lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki, ko an sako teku daga baya an riga an yi asara. Mai kiwon ragon layya ya san ba ranar jajibiri ake fara ba shi dusa ba. Mai lambun tumatir ya san ba a sakar masa shanu su kwana a ciki a ce gobe za a gyara. To mutum 22 masu takalma da ƙusoshi su yi minti 90 suna gudu da birki da zamiya a kan shuka, ai garke ne ya bi ta gona. Bayan kowane wasa sai ma'aikata sun bi da cokulan ƙarfe suna mayar da inda aka ɓantare, sannan a bar ta ta huta. In aka jera mata wasanni babu hutu, kafin a kai kwata fainal gaban raga ya zama kamar bakin rijiyar shanu.

Wannan bai bar mai kuɗi ba. Filin Alassane Ouattara da ke Ebimpe kusa da Abidjan sabo ne fil, mai cin mutum dubu sittin. A watan Satumban 2023, saura wata huɗu a fara gasa, Kwaddibuwa da Mali suka yi wasan sada zumunta a can, aka yi ruwan sama, fili ya zama fadama, aka tashi wasa daga hutun rabin lokaci. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya neman wanda ya tsane su ba. Sun koma sun gyara, kuma a wannan fili suka ci mu 2-1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairun 2024. Ita ma gasar, damina ce ta sa aka ɗaga ta daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024.

Mu kuwa a duba tarihin filayenmu. Na Surulere a Legas, inda aka ɗaga kofi a 1980 aka kuma yi wasan ƙarshe a 2000, an bar shi shekara da shekaru ba a buga babban wasa a ciki. Na Abuja an gina shi don wasannin Afirka na 2003, ciyawarsa ta mutu har sai da Aliko Ɗangote ya sa kuɗinsa aka sake shimfiɗa wata. Ba a jima ba aka wayi gari filin Uyo kaɗai CAF ta amince Super Eagles ta karɓi baƙi a kai. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, fili ɗaya. Wanda ke da ɗaya yana neman aikin da ke buƙatar shida, in aka hana shi sai ya ce hassada ce?

Mu mutanen wannan yanki bai kamata wannan hali ya zame mana baƙo ba. An kammala madatsar Bakalori a ƙarshen shekarun 1970, aiki ne da ba a taɓa ganin irinsa a yankin nan namu ba, kuma talakawan Maradun da kewaye sun biya shi da gonakinsu, wasu da rayukansu. Bayan 'yan shekaru kanal-kanal suka cushe da laka da kacala, injinan feshi suka tsaya, sai da aka nemo kuɗin Bankin Duniya aka zo gyara. Ginawa ba ta taɓa gagarar mu ba. Kwangilar gini tana da riba, tana da biki, tana da allo mai sunan mai girma. Albashin mai yashe kanal da mai aske ciyawa ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ake mantawa da shi a kasafin kuɗi.

Wuta ma haka. Wasan da za a nuna wa duniya yana buƙatar fitilu masu ƙarfin da kyamara za ta ɗauki fuskar ɗan wasa da dare, da janaretan da zai karɓa nan take in ɗaya ya tsaya. A gasar 2009, a wasan Sifen da Amurka a Kano, wasu fitilun suka ɗauke aka tsayar da wasa ana jira. Mu da ke zaune a gidan kallo mun saba, sai mu ce a yi haƙuri a ja igiya. Kamfanin da ya sayi lokacin tauraron ɗan'adam da minti-minti ba ya jin wannan yare.

Sai ƙofa, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro, domin a nan ake asarar rai. Ranar 24 ga Janairun 2022, a filin Olembe na Yawunde, sabon fili mai kyan gaske, mutum takwas suka mutu a turmutsutsu kafin wasan Kamaru da Komoros. Shugaban CAF Patrice Motsepe da bakinsa ya ce akwai ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe aka same ta a rufe. Ƙofa ɗaya. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Mafara ranar Talata da hantsi, lokacin da masu amalanke da 'yan kabu-kabu da masu awaki suka haɗu a mashiga ɗaya, ya san yadda mutum ke rasa ikon ƙafarsa a cikin taro. Shigar da mutum dubu arba'in cikin awa biyu da fitar da su cikin 'yan mintuna ilimi ne da ake koyo, ana gwada shi tun kafin ranar. Tikiti mai lambar kujera, shinge tun daga nesa, ma'aikacin da ba zai karɓi na goro ya tura mutum goma ta ƙofar mutum ɗaya ba. Mu kuma 'yan kallo muna da namu laifin. Ranar 29 ga Maris 2022 da Ghana ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, jama'a suka afka filin Abuja suka yi ta farfasa kaya, FIFA ta ci tarar Najeriya. Masu duba takardar neman baƙunci su ma suna da talabijin.

Game da kawo rukuni Gusau, ina so ɗan abokina ya tuna abin da ya sami tawagar Togo ranar 8 ga Janairun 2010. 'Yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta a yankin Kabinda na Angola kwana biyu kafin a fara gasa, aka rasa rayuka, Togo ta koma gida ba ta buga ko wasa ɗaya ba. Tun daga nan tambayar farko da kowace hukumar ƙwallo ke yi ita ce ta hanya: daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa wurin atisaye, daga can zuwa asibitin da zai iya ɗaukar hoton gwiwa cikin dare. Mu da muke duba agogo kafin mu kama hanyar Gusau ko ta Sakkwato, muke fasa tafiya in la'asar ta yi sanyi, mun san amsar da za mu bayar. Ba na faɗin haka don in karya wa kowa gwiwa. Ciwo ne da ke damuna kamar yadda yake damun kowa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma masu ganin gasa hanyar samun kuɗi ce, wai CAF za ta zo da buhuna. Kuɗin nuna wasa a talabijin da na manyan masu talla irin su TotalEnergies aljihun CAF suke shiga, daga nan take biyan kyaututtuka, kamar dala miliyan bakwai da zakaran 2023 ya karɓa. Filaye da hanyoyi da tsaro da gyaran asibiti kuwa a wuyan mai masauki suke, har da alƙawarin gwamnati a rubuce kan biza da haraji. Kwaddibuwa ta kashe abin da ya kai kimanin dala biliyan ɗaya. Ribar mai masauki ita ce abin da ya rage bayan baƙi sun watse, in ya iya riƙe shi.

In ana neman misalin da ya yi daidai da ƙarfinmu, ba sai an je Maroko ba. A watan Fabrairun 2019 Nijar ta sauke baƙin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, ƙasashe takwas, birane biyu: Yamai da Maraɗi. Maraɗin nan dai da muke maƙwabtaka da ita, da zafinta da ƙurarta irin namu. An yi gasa lafiya, Mali ta ɗauki kofi bayan ta doke Senegal da fenareti. Sun ɗauki kayan da za su iya kaiwa gida. Amma su ma ciwon bai bar su ba, don bayan 'yan shekaru tawagar ƙasar, Mena, ta koma buga wasanninta na gida a ƙasashen waje, har da Maroko, saboda filin Seyni Kountché ya fita daga jerin waɗanda CAF ta yarda da su.

Ina son a gyara filin Gusau, ina son Mafara ma ta sami filin da yaranmu za su daina zana layi da toka. Abin da nake roƙo shi ne ranar da jami'ai suka zo da zanen gini mai sheƙi, 'yan jarida da matasan da ke cika gidajen kallo su bar tambayar mutum nawa zai ci. Su tambayi daga ina ruwan zai fito a watan Afrilu. Su tambayi mutum nawa aka ɗauka aikin kula da ciyawa, ina aka tura su koyo, kuma a wane layi na kasafin baɗi albashinsu yake. Su tambayi ko za a riƙa ba da filin hayar taron siyasa, a kafa rumfuna a jera kujeru a kan shukar. Su nemi a nuna musu ƙofofin fita, su ƙirga su da kansu.